Daga "Mbube" Zuwa "The Lion Sleeps Tonight": Tarihin Wata Waƙa Da Mai Ita

Da wuya a sami mai sauraron rediyo da bai taɓa jin waƙar nan ta Turanci ba, "The Lion Sleeps Tonight". Amma da za a tambayi mai karatu wane ne ya ƙago karinta, sai ya yi shiru. To, sunansa Solomon Linda, mutumin ƙabilar Zulu ne da ya je ci-rani birnin Johanasbag na Afirka ta Kudu.

A shekarar 1939 Linda da 'yan amshinsa, waɗanda ake kira Evening Birds, suka shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo, suka rera "Mbube", wato zaki da harshen Zulu. Ƙarfin waƙar duk a muryoyi yake. Maza masu kauraran muryoyi suna ta maimaita amshi ɗaya a ƙasa, kamar yadda 'yan amshin makaɗan fada ke riƙe gindin waƙa, shi kuwa Linda yana shawagi a samansu da siririyar murya. Dab da ƙarshen faifan ne ya jefo wani ɗan gajeren kari, wanda daga baya duniya duka ta haddace. Aka sallame shi da sule goma, waƙa ta zama ta kamfani. Faifan ya karɓu ƙwarai, har sunansa ya zama sunan wannan salon waƙa baki ɗaya.

Daga nan faifan ya ƙetare teku. Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya a Amurka, ya sa wa Pete Seeger shi. Seeger bai san harshen Zulu ba, sai ya kwaikwayi abin da kunnensa ya jiyo, ƙungiyarsa ta Weavers ta fitar da "Wimoweh", ta yi kasuwa a 1952. A nan aka fara ɓarna, a ganina. An ɗauke ta waƙar gargajiya ce marar uba, aka rubuta sunan Paul Campbell a jikin faifan, alhali kuwa babu mutum mai wannan suna. Laƙabi ne da ake amfani da shi don karɓar kuɗi. (Mu masu yawo da rikoda ƙauye-ƙauye muna rubuta "ta gargajiya" a bayan kaset, wannan ya shafe mu.)

A 1961 George David Weiss ya sa mata baitocin Turanci, samarin ƙungiyar Tokens suka rera, ta zama ta ɗaya a Amurka. A 1982 Tight Fit suka kai ta matsayi na ɗaya a Ingila, a 1994 kuma ta shiga fim ɗin The Lion King na Disney. Linda bai ga yawancin wannan ba. Ya rasu a 1962 cikin talauci, kabarinsa ya yi shekara 18 ba dutsen shaida.

Sai a shekarar 2000 ɗan jarida Rian Malan ya tono labarin a mujallar Rolling Stone. Lauyoyi suka zaƙulo wata tsohuwar dokar daular Ingila ta 1911, wadda ta tanadi cewa haƙƙin mallaka yana komawa ga magada bayan shekara 25 da rasuwar mai aiki. Da ita aka kai ƙarar Disney a 2004. A watan Fabrairun 2006 aka sasanta da kamfanin Abilene Music: 'ya'yan Linda suka sami kuɗi, aka kuma sa sunan mahaifinsu cikin jerin waɗanda suka tsara waƙar.