Madatsun Yammacin Kano da Lissafin Ruwan da Bai Sauka Ba

Ƙasar Gwarzo da Kabo ƙasa ce ta rafukan da ke tumbatsa da damina su ƙafe da rani. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki aniyar tare wannan ruwa, kuma a kan turbarsa aka samu madatsu irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, kafin a kammala babbar madatsar Challawa a Ƙaraye cikin 1992. Kowane injiniya da ya zana ɗaya daga cikinsu sai da ya fuskanci tambayoyi biyu: wane ƙarancin ruwa madatsar za ta jure, kuma wace ambaliya ce mafitarta za ta iya ɗauka? Amsar ba ta cikin littafin awon ruwa kai tsaye, domin littafin na shekarun da suka wuce ne, madatsa kuwa ta shekarun da ke tafe ce.

An fara rubuta awon ruwan sama a birnin Kano tun 1905, amma awon rafukan karkara bai kai rabin wannan tsawo ba. Daga 'yan alƙaluman da ke hannu masu ƙididdiga ke zaɓar ƙirar da suke zaton ruwan yana bi. Akwai ƙira mai kama da ƙararrawa, wadda ke tara yawancin shekaru a tsakiya, ta ɗauki shekarar tsanani a matsayin abin da da wuya ya auku. Akwai kuma wadda Bajamushen nan Emil Gumbel ya shimfiɗa a littafinsa na 1958, wadda aka tsara musamman don mafi girman ambaliya. Duk biyun na iya dacewa da shekarun da aka auna, sai a can gefe, a shekarun tsanani inda rai da dukiya suke, su raba hanya. Tarihi ya nuna haka. Shekarun 1950 sun zo da ruwa mai yawa, har aka ɗauka yanayin ƙasar ke nan, sai farin 1973 da na 1984 suka ƙaryata wannan zato. A watan Agusta na 1988 kuma ruwa ya yi yawa har madatsar Bagauda ta ɓalle.

Wani zai ce tunda kowace ƙira hasashe ce, a riƙe matsakaicin ruwan shekara kawai. Amma matsakaici bai taɓa kashe gero ko rushe gida ba, shekarar da ta kauce masa ce ke yi. Wani kuma zai ce a jira alƙaluma su taru. Jama'a ba za su zauna da ƙishirwa ana jira ba, kuma yanayin kansa yana sauyawa, don haka tsohon awo ba ya lamunce wa gobe. Abin da ya dace shi ne a gwada ƙira fiye da ɗaya, a gina bisa wadda ta fi nuna haɗari, a kuma haɗa da abin da dattawa suka adana, kamar labarin yunwar Kakalaba ta 1914 da alamun inda ambaliya ta taɓa kaiwa.

Madatsun Gwarzo da Kabo sun tsufa, yashi yana cike su. Ya kamata hukumomi su sake lissafinsu da awon shekarun da suka biyo bayan gina su, kafin damina ta yi musu nata lissafin.