Satar asusun WhatsApp: yadda take faruwa da yadda ake maido da asusu

Satar asusun WhatsApp ita ce wani ya buɗe asusun mutum a cikin tasa wayar, ya riƙa magana da sunansa da hotonsa, alhali shi mai asusun an rufe masa ƙofa. Jama'a kan ce "an yi mini kutse", sai a zaci wani gwanin kwamfuta ne ya fasa wayar daga nesa. Galibi ba haka abin yake ba. Mai asusun ne da kansa ya miƙa mabuɗin, kuma mabuɗin bai wuce alƙaluma shida ba.

Jan Koum da Brian Acton ne suka ƙirƙiro WhatsApp a Amurka a shekarar 2009. A 2014 kamfanin Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya saye shi a kan kimanin dalar Amurka biliyan 19. A 2016 aka kammala kulle saƙonninsa, ta yadda babu mai iya karanta saƙo a kan hanya sai wanda ya aika da wanda aka aika wa. Wannan kulli yana da ƙarfi, shi ya sa ɓarawo ba ya wahalar da kansa a kansa. Mutum yake nema.

WhatsApp ya ɗaure kowane asusu ne da lambar waya. Duk wanda ya sauke manhajar yana iya rubuta kowace lamba ya ce tasa ce. Don a tantance, sai kamfanin ya aika alƙaluma shida zuwa ga layin, ta gajeren saƙo ko ta kiran murya. Wanda ya shigar da su daidai shi ne mai asusu a wurin na'ura, kuma nan take asusun yake fita daga tsohuwar wayar. To, ɓarawo yana da lambarka, tun da ba a ɓoye take ba. Abin da ya rage masa shi ne waɗannan alƙaluma da za su faɗo cikin wayarka, kuma ba shi da hanyar ganinsu sai ka karanta masa.

A nan ne yaudara take shigowa. Wani lokaci saƙo ne daga aboki ko ɗan'uwa: "Na tura maka wata lamba bisa kuskure, don Allah maido mini." Ba abokin ba ne, an riga an sace nasa asusun. Wani lokaci kira ne da murya mai ladabi, mai kiran ya ambaci sunan zauren masallacinku ko na makarantarku, ya ce za a yi taro ko karatu ta intanet da dare, an aiko maka lambar shiga, ka faɗa masa ya sa sunanka. Wannan ita ce ta fi cin dattawa, domin suna jin nauyin su tuhumi wanda ya yi musu sallama ya kuma san sunan limaminsu. Sanin sunan ba hujja ba ne: duk wanda ya samu shiga zaure yana ganin sunansa da lambobin mutanen da ke cikinsa baki ɗaya.

Me ɓarawo yake samu? Tsofaffin saƙonni ba sa binsa, saboda suna ajiye a wayar mai asusu ne, ko a ma'ajiyarsa ta Google Drive ko iCloud. Abin da yake samu shi ne suna da hoto da zauruka da duk sabon saƙon da ya shigo. Wannan kuwa ya ishe shi. Sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya: yaro ba lafiya, a taimaka da jikka ashirin zuwa gobe, a tura ta wannan lambar don tawa ta samu matsala. Idan asusun malami ne ko na ma'ajin kwamiti, sai ya nemi gudummawar gini ko ta marayu. Idan kuma mai asusun yana cikin masu kula da zaure, yana iya fitar da sauran, in ban da wanda ya ƙirƙiri zauren. Asarar kuɗi a kan jure ta, amma zargin da ke biyo baya tsakanin ƴan'uwa yakan daɗe.

Wanda abin ya faɗa wa, muddin layin yana hannunsa, sai ya sake buɗe WhatsApp, ya rubuta lambarsa, ya shigar da sababbin alƙaluman da za a aiko masa. Da ya yi haka an fitar da ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirri, to mai asusu zai jira kwana 7 kafin ya iya shiga, amma shi ma ɓarawon yana waje a tsawon kwanakin. Kafin nan a kira dangi da masu kula da zauruka da kiran waya na gaske, a gaya musu kada kowa ya tura kuɗi. Kunya tana sa wasu su yi shiru, alhali a cikin shirun ne ake cutar mutanensu.

Rigakafin da ya fi amfani shi ne tabbatarwa mai mataki biyu, wadda WhatsApp ya buɗe wa kowa a 2017. Ana samunta a cikin saituna, ƙarƙashin asusu. A wayar da aka saita da Faransanci sunanta Vérification en deux étapes. Mutum ne yake zaɓar alƙaluma shida na kansa, waɗanda ba a aiko su ta saƙo, kuma za a nemi su duk sanda aka yi ƙoƙarin buɗe asusun a wata waya. Kada a rikita su da na farko: waɗancan kamfani ke aikowa, waɗannan kai ka ƙaga su, kuma dukansu ba a faɗa wa kowa. A guji shekarar haihuwa da 123456. Yana da kyau a haɗa da adireshin imel saboda mantuwa.

Akwai wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba. Ana iya jona asusu ɗaya da wasu na'urori har huɗu, ta hanyar ɗaukar hoton wata alama mai murabba'i da wayar mai asusu. Wanda aka bar wa waya a buɗe na minti ɗaya, a wurin caji ko wurin gyara, yana iya jona ta da kwamfutarsa ya riƙa karanta komai, har da saƙonnin baya, kuma mai ita ba a fitar da shi ba balle ya farga. A riƙa leƙa sashen na'urorin da aka jona, Appareils connectés, a cire duk wadda ba a sani ba.

Haka kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanin waya yakan karɓe shi ya sayar wa wani, kuma alƙaluman tantancewa ga sabon mai layin za su tafi. Matafiyi ko ɗalibin da ya koma wata ƙasa ya canja layi, sai ya mayar da asusunsa kan sabuwar lambar ta sashen canja lamba tun tsohon layin yana aiki.