Labarin allurar da ta taɓa nuna kudu

Ko kun taɓa ganin ƴar allurar nan da sojoji da direbobin hamada suke riƙewa? Faransawa suna ce mata busol. Duk yadda ka juya ta, sai bakinta ya koma arewa. Dalili kuwa, duniyar da muke bisanta mayen ƙarfe ce babba. Can ƙarƙashin ƙafafunmu, zurfin kilomita wajen 2900, akwai narkakken ƙarfe mai tsananin zafi. Yana motsi dare da rana. Motsin nan ne yake haifar da ƙarfin da ke jan allura.

Wani lokaci sai a ji ana cewa arewa za ta koma kudu, wai duniya za ta kife. Kafin hankalin kowa ya tashi, ga yadda aka gano maganar.

A ƙasar Faransa akwai wani masani mai suna Bernard Brunhes. Yana aiki a wani yanki mai tsofaffin duwatsu masu aman wuta. Ya san wani abu game da yumɓu. A cikin yumɓu akwai ƴan ƙwayoyin ƙarfe ƙanana, ido ba ya ganinsu. In wuta ta gasa shi sosai, lokacin da yake hucewa sai ƙwayoyin nan su jeru suna duban arewa, su kafe a haka. Ke nan ƙasar da ke ƙarƙashin wurin gasa tukwane tana riƙe da arewar ranar da aka hura mata wuta.

A shekarar 1905, Brunhes ya je wani wuri a jihar Cantal inda narkakken dutse ya taɓa malala bisa yumɓu, ya gasa shi ya yi ja kamar tukunya. Ya yanko, ya auna. Sai ya tarar ƙwayoyin suna duban kudu! Ya auna dutsen da ke bisa, shi ma haka. Ya rubuta abin da ya gani a 1906. Masana da yawa ba su gamsu ba. Ya rasu a 1910, ba a ba shi gaskiya ba tukuna.

A 1929 wani Bajapane, Motonori Matuyama, ya auna duwatsu a Japan da Koriya da Manchuriya. Ya ga sababbi suna duban arewa, waɗanda suka girme su suna duban kudu. Shi ma ba a saurare shi ƙwarai ba. Sai da jiragen ruwa suka auna gindin teku, aka ga duwatsun can sun yi layi-layi kamar saƙar zane: layi guda arewa, layi guda kudu. A 1963 Turawan Ingila biyu, Vine da Matthews, suka bayyana ma'anar layukan. Bayan ƴan shekaru gardama ta mutu. An ƙirga an ga abin ya juya sau 183 cikin shekara miliyan 83. Ba shi da lokaci tsayayye. Juyin ƙarshe ya yi shekara wajen dubu 780.

Manoma ma sun taimaka, ba da saninsu ba. A kudancin Afirka, bakin gulbin Limpopo, mutanen da suka zauna tsakanin shekara ta 1000 da ta 1600 sukan cinna wa rumbunansu da ɗakunansu wuta in fari ya yi tsanani, don su kori sharri. Daɓen ya gasu, ya riƙe labari. A 2015 masana suka ba da sakamakon awon da suka yi masa: ƙarfin mayen ya taɓa raguwa a yankin, sa'an nan ya dawo. Wa zai ce ƙonannen rumbu zai zama takarda?

To, yau fa? Cikin shekara 200 ƙarfin ya ragu da kashi 9 cikin 100. Wurin da allura take nunawa shi ma ba a tsaye yake ba. A 1831 wani Bature, James Ross, ya same shi a arewacin Kanada. Tun daga nan ya yi ta tafiya wajen Rasha, har akwai shekarun da yake cin kilomita 50. Amma galibin masana ba su ga alamar juyi ya kusa ba. In ma ya zo, ba dare guda yake yi ba. Yakan ɗauki shekaru dubbai.

Abin da zai juya shi ne ƙarfin da ke jan allura. Ƙasar kanta ba ta kifewa. Rana za ta fito inda ta saba, damana da rani suna nan a lokacinsu.

Damuwar tana wani wuri dabam. Ƙarfin nan garkuwa ne. Yana kare mu daga wata irin guguwa mai zuwa daga rana, wadda ba a gani. Ko da garkuwar, a watan Maris na 1989 guguwar ta kashe wutar lantarki a jihar Kebek ta Kanada, mutane miliyan 6 suka yi awa 9 babu wuta. In garkuwa ta yi rauni, taurarin ɗan Adam da manyan wayoyin lantarki ne za su fara ji a jikinsu. A ganina wannan ya isa a yi masa shiri, tun da labarin ruwan sama da muke ji a rediyo ma ta taurarin nan yake zuwa. Akwai kuma tsuntsaye da kunkurun teku masu bin wannan ƙarfi a tafiyarsu mai nisa. Kakanninsu sun ga juyi da yawa, iri bai ƙare ba.

Mutane ma sun ɗanɗana. Shekara wajen dubu 41 da suka wuce, ƙarfin ya faɗi ƙwarai, har arewa ta karkata kudu. An ga shaidar haka a duwatsun Laschamp, kusa da inda Brunhes ya yi aiki. A zamanin akwai mutane a Afirka da Turai da Asiya, suna farauta, suna hura wuta. Bayan ɗaruruwan shekaru ƙarfin ya farfaɗo, ya koma arewa.