Marubuci da Mai Gyara: Darasi Daga Tarihin Buga Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Tambayar da ɗaliban Hausa masu sha'awar rubutu suka fi yi ita ce: "Na gama labarina, ina zan kai shi a buga?" Sai dai akwai wata tambayar da ta riga ta, wadda ba a cika yi ba: wa ya karanta labarin, ya nuna wa mai shi inda ya karkace, kafin a kai ga maɗaba'a? Tarihin ƙagaggun labaran Hausa na boko, daga 1933 zuwa yau, yana nuna cewa ƙofar ɗab'i ta sha sauyawa, daga hukuma zuwa kamfani, daga kamfani zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa wayar hannu. A duk sauyin nan, yawan masu shiga ƙofar ƙaruwa yake yi, masu tsayawa a bakinta su gyara rubutu kuwa raguwa suke yi. Wannan maƙala za ta bi sawun tarihin, sannan ta fito da abin da sabon marubuci zai ƙaru da shi.

2.0 Gasar 1933 da Makarantar Zariya

Kafin zuwan Turawa, rubutu a ƙasar Hausa aikin malamai ne, da Larabci da ajami, kuma akasarinsa ilimin addini ne da waƙa da wasiƙun sarauta. Labarin da aka ƙaga kuwa a baka yake, tatsuniya ce ta dare. Da Turawa suka kafa makarantun boko sai aka rasa abin da ɗalibai za su karanta da Hausa. Wannan buƙata ce ta haifar da Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East.

A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewacin Nijeriya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Aikin bai zo masa da sauƙi ba, domin malamai da yawa na ganin bai dace da mutuncin mai ilimi ya zauna yana rubuta abin da bai faru ba. Duk da haka, littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin kansa.

Abin lura shi ne, East bai tsaya ga tattara rubuce-rubuce ya miƙa wa maɗaba'a ba. Sunansa da ke jikin Jiki Magayi shaida ce ta yadda ya sa hannu a aikin. Game da Ruwan Bagaja kuwa, ya nuna wa Imam wuraren da ya ɗebo labarai daga wasu littattafai ba tare da ya sarrafa su ba, ya nemi a gyara. Imam, wanda aka haifa a 1911, matashin malamin makarantar Midil ta Katsina ne a lokacin. Ya karɓi gyaran, bai yi fushi ya janye littafinsa ba. Shi da kansa ya amince cewa Maƙamatul Hariri ta yi masa tasiri, musamman wajen gina Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Amma duk wanda ya karanta littafin ya san Zurƙe Bahaushe ne, bakinsa da wayonsa da rigimarsa na kasuwannin ƙasar Hausa ne.

A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya na wata shida. East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, shi kuma ya yi ta karantawa yana rubutawa, ana dubawa tare. Daga wannan zama ne Magana Jari Ce ya fito, juzu'i uku, tsakanin 1937 da 1939. Daga baya Imam ya faɗi wasu daga cikin abubuwan da ya koya a hannun East. Ɗaya shi ne kada a bar azzalumi ko maha'inci ya yi nasara a ƙarshen labari. Wani kuma, wanda ya fi shafar sana'ar rubutu, shi ne idan za a ɗauko magana mai daɗi daga wani harshe, kada a zama bawan kalmominta. A fahimci abin da mai maganar yake nufi, sannan a nuna gwaninta da Hausa kamar yadda shi ya nuna da nasa harshen. Wannan ne sirrin da ya sa yaro ke karanta labarin da tushensa Bagadaza ne ko Jamus, ya ɗauka a bayan garinsu aka yi.

Ba za a ce wannan makaranta ba ta da aibu ba. Hukuma ce ta 'yan mulkin mallaka, littattafan don aji aka shirya su, kuma boko ta ɗaukaka a kan ajami. Mai gyara ɗaya ne ke yanke abin da ya cancanci bugawa, ra'ayinsa kuma ya zama ma'auni. Sai dai ta bar gado guda da ba a musu a kansa: littattafan da ta fitar sun haura shekara tamanin ana karanta su.

3.0 Zamanin Hukuma da Kamfani

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. A shekarun 1950 Hukumar NORLA ta ɗauki nauyin samar da abin karantawa ga waɗanda suka fito daga azuzuwan Yaƙi da Jahilci, har zuwa rufe ta a 1959. A 1966 kuma aka kafa kamfanin NNPC da haɗin gwiwar Kamfanin Gaskiya da Macmillan.

A duk tsawon wannan lokaci hanyar marubuci ɗaya ce: ya aika rubutunsa Zariya, ya jira. Wanda aka karɓa yakan samu edita da ingantaccen bugu da shiga manhajar makarantu. Amma ƙofar ƙunci gare ta. Kamfani ya fi son littafin da makarantu za su saya, don haka tsofaffin littattafai ake ta sake bugawa, sababbin ƙagaggun labarai kuwa sai jefi-jefi.

Gasa ce ta sake buɗe hanya. Daga wadda NNPC ya shirya a 1978 aka samu Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, waɗanda aka buga a 1980. Na ƙarshen nan ya buɗe wa mata ƙofar ƙagaggen labari, ya kuma kawo soyayyar matasa tsakiyar fage. Gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta biyo baya, inda a 1982 aka buga irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Jigogin sun bar duniyar aljanu da sarakuna, sun koma kan fasa-ƙwauri da haɗarin mota da ta'addancin birni.

4.0 Marubuci Ya Zama Kamfanin Kansa

A tsakiyar shekarun 1980 abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 ya yaye ɗimbin matasa, maza da mata, masu iya karatun Hausa. A ɗaya gefen kuma tattalin arziki ya taɓarɓare, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya. Ga masu karatu, babu mai buga musu.

Sai marubuta suka daina jiran Zariya. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a 1984. Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ya zagaye ƙasar Hausa. Marubuci ya tara kuɗinsa, ya kai wa mai keken rubutu, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauki kayansa ya kai wa 'yan kasuwa. Ana raba labari kashi biyu ko uku, domin cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano suka zama matattarar da sabon marubuci ke samun shawara da hanyar kasuwa. Littattafan sun tsallaka iyaka, ana sayar da su a Maraɗi da Damagaram da Yamai, ana kuma karanta su a gidajen rediyo.

Wannan harka ce aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, kuma masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi doguwar muhawara a jaridu kan darajarta. Masu suka sun kafa hujja da karya ƙa'idojin rubutu da maimaita jigo da gaggawar fitarwa. Masu karewa suka ce waɗannan littattafai sun sa dubban mata karatu, sun kuma taɓo auren dole da kishi da saki da ilimin 'ya'ya mata, abubuwan da littattafan aji suka kauce wa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. An samu 'yanci da masu karatu, an rasa mai gyara. Littattafai masu yawan gaske sun fito, kaɗan ne ake tunawa. Daga cikin kaɗan ɗin akwai Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012.

5.0 Zamanin Wayar Hannu

Yau marubuciya na iya rubuta babi da dare a wayarta, ta tura zaurukan WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, kafin asuba ɗaruruwa sun karanta. Ba ta bukatar maɗaba'a ko ɗan kasuwa. Sai dai babin da aka saki ba ya gyaruwa, kuma masu karatu na matsa lamba a ci gaba, labari ya yi ta tsawo ba don jigonsa ya buƙata ba. Abin sha'awa shi ne, gasa ta sake dawowa a matsayin matata: tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata, inda ake ƙayyade tsawon labari, alƙalai kuma su tace.

6.0 Darussa Ga Sabon Marubuci

Na farko, karatu ne jarin marubuci. Imam bai rubuta Magana Jari Ce daga iska ba, littattafai aka jibge masa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, aro halal ne idan an sarrafa shi. Bambancin Zurƙe da labarin da aka kwafo daga fim ɗin Indiya aka sauya sunaye kawai shi ne, an mayar da shi ɗan gida ta harshe da ɗabi'a da muhalli. Kwafe ba tare da sarrafawa ba shi ne abin da East ya mayar wa Imam tun farkon tafiya.

Na uku, tunda babu hukumar da za ta naɗa wa marubucin yau edita, wajibi ne ya nemo da kansa: malami a sashen Hausa, ko tsohon marubuci, ko ƙungiyar marubuta ta garinsu. Aboki mai yabo ba edita ba ne. Laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na huɗu, a kiyaye ƙa'idojin rubutu: ƙ da ɗ da ɓ, da raba kalmomi da haɗa su. An yi zaman daidaita su a Bamako a 1966 da Yamai a 1980, duk da haka ɗan bambanci ya rage, kamar ƴ da ake rubutawa a Nijar a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Marubuci ya zaɓi tsari ɗaya ya tsaya a kansa daga shafin farko zuwa na ƙarshe.

Na biyar, kada a raina gasa. A 1933 da 1978 da farkon shekarun 1980 da 2016, ita ce ta fito da sunayen da ba a sani ba. Ko ba a ci ba, wa'adi da ƙayyadadden tsawo na koya wa mutum yanke abin da labari bai buƙata.

Na shida, wanda zai buga da kansa ya san kasuwarsa kafin ya kashe kuɗinsa, kamar yadda marubutan Kano suka yi: wa zai karanta, a ina zai samu, nawa zai iya biya.

7.0 Kammalawa

Imam ya samu mai gyara a lokacin da masu karatu ba su da yawa. Marubutan Kano sun samu masu karatu a lokacin da mai gyara ya ɓace. Ɗalibin Hausa na yau, a Kano yake ko a Damagaram, yana da masu karatu a tafin hannunsa fiye da duk waɗanda suka gabace shi. Abin da ya rage masa shi ne ya haƙura da gaggawa, ya miƙa rubutunsa ga wanda zai iya ce masa "sake wannan babi", ya kuma zauna ya sake.