Fadar Sarkin Damagaram: gidan da ya ga Tanimun, ya ga Nasara

Fadar Sarkin Damagaram tana cikin unguwar Birni, tsohon garin Zinder, kusa da babban masallaci. A nan sarki yake zaune da iyalinsa, a nan kuma yake zaman fada. Wannan shi ya bambanta ta da tsofaffin gine-gine da yawa da suka koma wurin kallo kawai: har gobe dogarai na tsaye a ƙofa, masu ƙara na jira a zaure.

Gidan sarautar ya girmi fadar. Tun ƙarni na 18 zuriyar Malam Yunus take mulki a yankin, tana biyan gaisuwa ga Barno. Sai a farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya maida Zinder mazaunin sarauta. Ginin da ake gani yau ana danganta shi da ɗansa Tanimun, wajen shekarar 1850. Tanimun ya yi mulki har 1884, ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera sun ƙera masa manyan bindigogi, ya kuma ja ayarin fatake masu zuwa Tarabulus ta Agadas suka riƙa sauka a garinsa. Dukiyar da ta gina wannan gida daga haraji da fatauci ta fito, har da cinikin bayi, abin da masu kirari ba su cika tunawa da shi ba.

Ginin ƙasa ne irin na Hausa, mai kauri, da zaure bayan zaure kafin a kai cikin gida, inda baƙo ba ya shiga. Tsarin yana faɗa wa kowa matsayinsa: iyakar inda aka tsaida mutum, iyakar girmansa ke nan a fada.

Shekarun da suka fi girgiza gidan su ne na zuwan Faransawa. A watan Mayu na 1898, zamanin Amadu Kuran Daga, aka kashe kyaftin Cazemajou a Zinder. Shekara guda bayan haka rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga yamma, wadda mutanen jahar Tawa ba su manta da ita ba saboda kisan da ta yi a Birnin Ƙonni. Shugabannin biyu sun mutu a hanya, amma sauran sojojin sun ci yaƙin Tirmini a watan Yuli na 1899, suka shiga Zinder. Kuran Daga ya fice daga gari, aka bi shi aka kashe shi a shekarar. Nasara suka naɗa Amadu Ɗan Basa, suka gina barikinsu a kan dutse, suka sa masa sunan Cazemajou.

Zaman bai yi daɗi ba. A 1906 Faransawa suka zargi sarkin da wasu manyan gari da shirya tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kwaddibuwa. Shekara 17 Damagaram ba ta da sarki mai cikakken suna. Abin mamaki, a cikin wannan lokaci ne, daga 1911, Zinder ta zama babban birnin ƙasar Nijar ta mulkin soja. Iko yana gari, amma ba a fada yake ba. An maido da sarauta a 1923 da naɗin Barma Mustafa, a 1926 kuma aka ɗauke babban birni zuwa Yamai. Labarin 1906 shi ne Mahamane Bakabe ya mai da fim a 1982, mai suna Si les cavaliers.

Bayan Barma Mustafa, Umaru Sanda ya hau a 1950, Abubakar Sanda kuma a 1978. Samun ƴancin kai bai hana hukuma sa hannu a harkar gidan ba. A 2001 gwamnati ta tuɓe Abubakar Sanda, aka naɗa Mamadu Mustafa, wanda ya zauna har rasuwarsa a 2011, sannan Abubakar Sanda ya koma gadonsa.

Yau aikin fada ya fi karkata ga sasanta rigingimun gona, aure da gado, kamar yadda doka ta ba sarakunan gargajiya dama, da kuma tarbar manyan baƙi. Ranar salla kuwa filin ƙofar fada ba ya ɗaukar jama'a, saboda hawan dawaki da hawan ƙaho.

Tun 2006 Nijar ta sa unguwar Birni da fadar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohon garin Agadas ya samu wannan matsayi a 2013. A Zinder kuwa mafi yawan ganuwar Tanimun ta riga ta zube, gidajen ƙasa na Birni kuma kowace damina sai sun nemi yaɓe.