Zaki da Komfas: yadda aka ja daga a kan sinimar yara

A 1950 C.S. Lewis, malamin jami'ar Oxford kuma Kirista mai kishin addininsa, ya fitar da littafin Narnia na farko. Zakin ciki, Aslan, yana ba da ransa don ceton yaron da ya ci amana, sannan ya tashi daga mutuwa. Kowa ya san labarin wa ake nufi. Da Disney ta mai da shi fim a 2005, har cikin majami'un Amurka aka yi tallarsa.

Philip Pullman kuwa, wanda bai yarda da Allah ba, ya tsani Narnia. A littafinsa na 1995 mugayen su ne hukumar addini mai suna Magisterium, mai sace yara. Fim ɗinsa, The Golden Compass, ya fito a 2007, ya lashe wajen dala miliyan 180. Kamfanin ya ji tsoro, ya sassauta sukar coci. Bai tsira ba dai! Ƙungiyar Catholic League ta ce a ƙaurace masa, jaridar Batikan ta yi tir da shi, masoyan littafin kuma suka ce an cire masa haƙora. Bai ci kasuwa a Amurka ba, aka fasa kashi na biyu.