Makonni uku bayan shuka: inda dalar gyaɗa ta fara zubewa

Idan ana labarin ɓacewar dalar gyaɗa a Kano, man fetur ake fara ɗora wa laifi. Akwai gaskiya a ciki, domin kuɗin mai ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Sai dai manoman Gaya da Ajingi da suka ga shekarun 1970 sun san cewa kafin gyaɗa ta ɓace a filin dala, sai da ta fara mutuwa a cikin kunya, makonni kaɗan bayan shuka.

Gyaɗa ta zama hajar fatauci ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Tun daga kakar 1912 'yan kasuwa suka shiga saye da zafi, kuma daga baya Alhassan Dantata ya yi fice a cikinsu. Ƙasar gabashin Kano ta dace da ita: jigawa ce mai sauƙin huɗa da sauƙin cira. Manomi ya samu abin biyan haraji, mata suka samu mai da ƙuli-ƙuli, dabbobi suka samu harawa.

Amma jigawar nan ba ta riƙe laima. Ruwan farko yakan sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, sau da yawa kuma sai sama ta ɗauke na kwana goma ko fiye. Gero yana jure wannan: ƙwayarsa ƙanana ce, 'yan mudu kaɗan sun isa gona, har ana iya binne shi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Gyaɗa ba haka take ba. Da ta sha ruwa ta kumbura ta fara tsiro, ba ta komawa baya. In ƙasa ta bushe, ta mutu. Ga shi irin da kadada ɗaya ke ci ya ninka na gero fiye da sau goma. Wanda shukarsa ta ƙone, dukiya ya binne.

An ga alamar haɗarin tun da wuri. Shekara guda bayan fara cinikin, damina ta gaza a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba. Daga nan manoma suka ƙara riƙe ƙa'idar da suka gada: hatsi tukuna, gyaɗa daga baya. Muddin damina na da tsawo, wannan jinkirin bai cutar ba. Shekarun 1950 da farkon 1960 sun zo da ruwa mai albarka, Najeriya ta shiga sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Daga ƙarshen shekarun 1960 damina ta fara gajarta. A 1973 ruwan da aka samu a Kano bai wuce kusan rabin abin da aka saba ba. An yi shuka ta ƙone, an sake, ta sake ƙonewa, gidaje da dama kuma suka cinye irin da suka ajiye. Sa'ad da ruwa ya dawo, sai aka shuka ɗan abin da ya rage, a makare, tsilla-tsilla. Irin wannan gona ce darɓa ta fi so, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye suna yaɗa kuturtar gyaɗa. A 1975 cutar ta mamaye Arewa, ta lalata kimanin kadada 700,000. Manomin da ya yi asara sau biyu cikin shekara uku bai jira shawarar kowa ba. Ya koma gero da dawa da wake. Lokacin da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, babu sauran dala.

Wannan rauni na farkon tsiro ba na Kano kaɗai ba ne. A daidai shekarun, a 1974, masana a Jami'ar Manitoba ta Kanada suka fitar da irin da ya zama tushen kanola, tsiron man girki da ƙasar ke tinƙaho da shi yau. Ƙwayarsa ba ta fi ta gero ba, kuma ba a zurfafa ta a ƙasa, saboda haka bushewar sama-sama ke hana ta fita. In ta fito, dare ɗaya na sanyi mai daskarar da raɓa a watan Mayu zai iya kashe ta. Can sanyi ne, nan zafi, amma tambayar ɗaya ce: a sake shuka ko a dakata? Malaman gona a can sukan ce a jira 'yan kwanaki a duba ko tsakiyar tsiron ya yi sabon toho. Bambancin shi ne manomin Kanada yana da inshora da kamfanin iri a bayansa, na Ajingi kuwa rumbunsa ne kawai.

Bayan annobar, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, tare da ICRISAT, ta duƙufa neman irin da ke jure kuturta kuma yake nuna da wuri. SAMNUT 24, da aka fitar a 2011, yana nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, don haka manomi na iya haƙuri har ruwa ya kankama. Hukumar NiMet ma tana fitar da hasashen farkon damina kowace shekara.

Abin da ya rage shi ne isar da su. Duk mai burin dawo da dalar gyaɗa, ya fara tambayar inda manomin Gaya zai samu iri na biyu a tsakiyar Yuni, idan na farko ya ƙone.